Kafin Ka Sayi Tsohon Gida, Fara Auna Iyalinka

Duk wanda ya ɗan zaga da dillalan gidaje a Kano cikin 'yan shekarun nan ya san kasuwar tsofaffin gidaje ta buɗe sosai. Dalilin a fili yake. Fuloti a cikin gari ya yi wuya, wanda ake samu da ɗan sauƙi kuma sai can bakin gari, wajen Janguza ko bayan Dawanau, inda mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari zai riƙa ƙarar da safiyarsa a hanya kafin ya buɗe. Gini daga tushe kuwa ya koma sai mai ƙarfi, musamman tun farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, rodi da kwano da katako su ma ba su tsaya ba. Shi ya sa magidanci mai matsakaicin samu yake zama ya yi lissafinsa: gara ya sayi tsohon gida a Gwammaja ko Fagge ko Yakasai ko Kurna, ya tare da iyalinsa, ya riƙa gyarawa a hankali gwargwadon abin da Allah ya hore.

Wannan lissafi daidai ne, kuma ina son a riƙa yin sa. Gidan da aka raya ya fi kangon da aka bari, unguwa tana farfaɗowa, yara suna tashi kusa da dangi da makaranta da masallacin da aka san iyayensu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake duba gidan. Mai saye zai shiga idonsa na kan tsagar bango, da silin da ya rufto, da ƙyauren da gara ta cinye, sannan ya juya ya tambayi magini nawa za a kashe. Duk waɗannan kuɗi na maganinsu. Abin da kuɗi ba ya magani shi ne faɗin ƙasar da gidan ke kai, da siffarta, da lungun da ake bi a isa gare ta, da maƙwabtan da suka kewaye ta. Wanda ya sayi tsohon gida, ƙasa ya saya da iyakokinta. Ginin da ke kai yau yana nan, gobe ana iya sauke shi. Saboda haka tambayar farko ita ce ko wannan ƙasa za ta ɗauki rayuwar iyalinsa, yanzu da kuma nan da shekara goma. Amsar kuwa a gida ake fara neman ta, tun kafin a kira dillali. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga.

Dillali da yawan ɗakuna yake tallar gida. “Ɗaki shida ne, Alhaji, ga zaure, ga rijiya, ɗan gyara kawai yake so.” Ba lallai ƙarya ya yi ba, in ka ƙirga ƙofofi shida za ka samu. Sai dai ɗaki shida ba ya gaya maka komai sai ka san faɗin kowanne. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni da azara aka rufe su, ita kuwa azara tana da iyakar faɗin da za ta ɗauki nauyin rufin ƙasa ba ta lanƙwashe ba. Manyan soraye irin na Gidan Makama, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, baka aka ɗaura musu, kuma wannan aikin gwanaye ne da sai sarakuna da attajirai ke iya biya. Gidan talaka ɗakunansa ƙanana ne, sirara, da 'yar taga ɗaya can sama. An gina su a zamanin da kayan ɗakin mace ba su wuce gadon ƙarfe ko na kara, da tabarma, da jeren ƙwarya da tasoshi ba.

Ɗauki ɗaki mai ƙafa 10 tsawo, 10 faɗi, wanda a tsofaffin unguwanni ma ba a kiran sa ƙarami. Shigar da gadon da ake yi wa amare yau, mai katifa shida da shida. Da fuskarsa da gefunansa ya kusa cinye rabin ɗakin. Jingina sif a bango ɗaya, ya ɗauke ƙafa biyu a faɗi. Sa madubi a ɗaya gefen. Abin da ya saura wani siririn zirin wuri ne da ba zai isa a shimfiɗa sallaya a yi sujada cikin natsuwa ba, balle a kwantar da yara biyu a ƙasa. Ƙofar sif ɗin ma ba za ta buɗu duka ba. Na ga gidan da sai da kafinta ya yanke ƙafafun gado ya rage fuskarsa kafin ya shiga ta ƙofar ɗaki, kujerun kuwa suka kwana a tsakar gida a lulluɓe da leda har damina ta same su. Maigidan ya sayi ɗaki shida, amma uku ne kawai suke ɗaukar rayuwar yau. Tef ɗin awo da ba ya wuce kuɗin cefanen yini ɗaya da ya nuna masa haka tun ranar farko.

To, da me za a auna buƙata? Da mutane. Magidanci ya zauna da uwargida su rubuta duk wanda zai kwana a gidan, da shekarunsa, sannan su ƙara wa kowane yaro shekara goma su sake duba takardar. Ɗan shekara huɗu da 'yar shekara shida da suke kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarsu yau, nan gaba kaɗan saurayi ne da budurwa. Musulunci ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma, kuma a cikin Suratun Nur an koya wa yara neman izini a lokuta uku kafin su shiga wa manya. Waɗannan ladubba suna buƙatar bango da ƙofa. Ba za a iya cika su a gidan da kowa ke kwance a kan kowa ba. Ga kuma ƙaruwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi. Ango mai 'ya'ya biyu da ya sayi gida daidai 'ya'ya biyu, ya sayi gidan da zai fita daga cikinsa.

Cunkoso kuma ba ya tsayawa a takura kawai, har lafiya yake taɓawa. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar gida a matsayin mai cunkoso idan fiye da mutum uku suna kwana a ɗaki guda. Mu da muke zaune a yankin da sanƙarau ke zagayowa da zafin bazara mun san abin da hakan yake nufi. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum dubu goma sha ɗaya a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma likitoci sun daɗe suna faɗakarwa cewa kwana a cushe cikin ɗakin da iska ba ta ratsawa yana daga cikin abubuwan da ke taimaka wa cutar yaɗuwa. Tarin fuka da ƙyanda ma haka. Idan an shiga duba ɗaki, a duba ko yana da bangon da za a iya fasa taga ta biyu, ko kuwa bayansa ɗakin maƙwabci ne. Ɗakin da ke manne da ginin wani ta gefe uku, ko an sa masa tayil da fenti, iskarsa ba za ta ƙaru ba.

Akwai kuma mutanen da ba sa cikin lissafi amma tabbas za su zo, domin gidan Bahaushe ba na mata da miji da 'ya'yansu kaɗai ba ne. Mahaifiya za ta tsufa, ƙafa ta fara ciwo, a ce ta dawo wurin babban ɗanta. Tana buƙatar ɗaki a ƙasa, kusa da banɗaki, inda za ta riƙa jin motsin jikoki ba tare da sun hana ta barci ba. 'Yar da aka aurar za ta dawo wankan jego ta yi arba'in, da jaririnta da mai kula da ita. Wata za ta dawo da takaba ko zawarci, kuma ba ta da inda ya fi gidan ubanta. Ɗan ƙanin maigida zai zo karatu daga ƙauye. 'Yan'uwa za su kawo marar lafiya asibiti a birni su sauka sati biyu. Wanda kuma yake da niyyar ƙara aure, ya faɗa wa kansa gaskiya tun yanzu, domin malaman fiƙihu sun yi bayani cewa kowace mace tana da haƙƙin muhallinta, kuma yawancin rigimar kishi da ake kai wa iyaye da alƙalai, in ka bi ta a hankali, za ka tarar da madafi ɗaya da banɗaki ɗaya a gindinta. Ba a cewa a gina wa kowane baƙo ɗaki. Amma a samu ɗaki guda da zai iya sauya aiki: yau na karatun yara, gobe na mai jego, jibi na Hajiya.

Wurin da ya fi kowanne muhimmanci kuwa dillali ba ya ƙirga shi, saboda ba shi da rufi. Tsakar gida nake nufi. Tsaya a tsakar gidan kowane magidanci daga asuba zuwa dare ka ga aikin da take yi. Da sassafe an hura murhu ko kurfoti a gefe ɗaya, ana dama koko, yara na wanka a bakin rariya. Da hantsi an baza wanki, igiyar shanya ta ratsa daga wannan bango zuwa wancan, an shanya tattasai ko kuɓewa ko tsakin masara a tabarma. Ga turmi, ga randa, ga jarkokin ɗan garuwa a jere. A kusurwa akwai turken tunkiya da ake kiwo don layya, da akurkin kaji. Da la'asar 'yan mata sun zauna kitso, ƙananan na haddar allo. Idan bazara ta yi tsanani, a watan Afrilu da zafin Kano kan kai maki 40, ga kwano ya ɗau rana tun safe ga babu wuta, nan kowa ke fito da tabarmarsa ya kwana. Ran suna ko biki ko zaman makoki, nan mata ke taruwa. A gidan da ake kulle, tsakar gida ita ce sararin samaniyar da mace ke gani, ita ce iskar da take shaƙa, a nan 'ya'yanta ke koyon tafiya.

Kuma a nan take neman na kanta. Wata injin markaɗe gare ta, wata keken ɗinki, wata firizar ƙanƙara da zoɓo, wata tana suyar awara ko ƙosai yara na fitarwa, wata tana murza taliya tana shanyawa. Wannan sana'a ita ke sayen sabulu da littafin makaranta a gidaje da yawa, ita ce kuma ke tara kayan ɗakin 'ya mace. Amma abin da aka fi yi idan aka sayi tsohon gida ɗakuna suka gaza shi ne a ci tsakar gida. Bana a yanki gefe a yi ɗaki, baɗi a yanki wani a yi banɗaki, wata shekara a fasa zaure a mayar da shi shago. Kafin a ankara, abin da ya rage wani ɗan lungu ne mai duhu da rana ba ta sauka sai tsakar rana, hayaƙin girki na komawa ɗakuna, wanki ba ya bushewa, danshi na cin gindin bango. An ƙara ɗakuna, gida ya ƙuntata. Ni a ganina, tsohon gida mai ɗaki uku da tsakar gida mai faɗi ya fi mai ɗaki bakwai da aka toshe, ko da kuɗinsu ɗaya, domin na farkon yana da inda zai girma, na biyun kuwa sai an rushe kafin a gyara.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba namiji ya je duba gida da abokinsa da magini, ya biya kafin alƙalami, sannan ya dawo ya ce wa matarsa, “Na saya mana gida.” Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maigida yakan fita da safe ya dawo da dare. Wadda za ta yini a gidan ita ta san nisan da ya kamata tsakanin madafi da ɗaki, ita za ta lura cewa duk wanda ya shigo zaure yana hango ƙofar banɗaki, ita za ta ga babu inda za a ajiye buhun hatsi da gawayi ruwa bai taɓa su ba. Magabata da suka tsara zaure da shigifa a karkace, yadda baƙo ba zai hangi cikin gida ba, sun san abin da suke yi. A tafi da uwargida ta gani da idonta, a saurari abin da ta ce, kafin a yi ciniki. Hakan ba ya rage wa namiji girma, asara yake rage masa.

Bayan abin da ido ke gani, akwai wurin da gida ke buƙata a ƙarƙashin ƙasa. Tsohon gida yakan zo da tsohuwar shadda, wani lokacin biyu ko uku da aka cike aka binne ba wanda ya tuna inda suke. Ba a ɗora ɗaki a kan irin wannan rami sai an san yadda za a yi da shi, in ba haka ba daɓe ya riƙa zama, bango ya tsage. In za a yi banɗakin zamani, ana buƙatar wurin haƙa sokawe, da hanyar da motar kwasa za ta miƙo tiyo. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da ita ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30, kusan ƙafa 100, tsakanin ramin masai da rijiya. Fuloti mai 50 da 50 kuwa, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka ja igiya, ƙafa 70 da 'yan kai za ka samu. Ma'ana, rijiyar da dillali ke yi maka kwalliya da ita tana iya yin wanki da gini, amma kada a ɗauka ruwan sha ce ba tare da an gwada ko an tafasa ba, musamman da yake shaddar maƙwabci ma tana bayan katanga. Idan haka ne, sai a ware wurin tanki ko na ajiye jarkoki, shi ma wuri ne.

A duba kuma inda ruwan sama ke bi. Kududdufan cikin birni da aka haƙa tun zamanin da don ɗibar ƙasar gini su ne suke shanye ruwan damina. Da yawansu an cike su da shara an yanka filaye an gina, ruwan kuwa bai daina zuwa ba. Gidan da ke kan tsohon kududdufi ko a bakinsa, tsofaffin unguwa sun san shi, a tambaye su. Haka nan titi da lungu suna ƙara tudu shekara bayan shekara, tsohon gida na nan inda yake, har ya zama sai an gangara ake shiga. Maganinsa a yi ciko a ɗaga daɓe, amma duk ƙafa ɗaya da aka ɗaga, an rage ta ne daga tsayin ɗaki. Ɗakin da dama gajere ne, in aka yi masa ciko aka sa silin, fanka ma ba za ta rataya lafiya ba, sai an ɗaga bango an sake rufi. Gyaran da aka ce ɗan kaɗan ne ya koma sabon gini. In da hali, a je duba tsohon gida a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa. Abin da za a gani a rana ɗaya ya fi bayanin dillali goma.

Yanzu a haɗa lissafin a takarda, a ga yadda yake kamawa. A ce iyali na buƙatar ɗakin kwana huɗu masu 12 da 12, da falo matsakaici, da madafi da ɗan sito, da banɗaki biyu, da zaure. In aka haɗa da kaurin bango, wannan zai ci wajen murabba'in ƙafa 1,300. A fuloti mai 50 da 50, wato murabba'in ƙafa 2,500, za a samu ragowar da za ta isa tsakar gida mai kyau, da tanki, da sokawe, har da wurin ajiye mota in an tsara da hankali. Amma gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ba su kai haka ba. Mai 30 da 40 murabba'in ƙafa 1,200 ne kacal. Ɗakunan kaɗai sun fi ƙarfinsa tun ba a zo maganar tsakar gida ba. Sannan gidajen awon igiya da na gado ba kasafai suke da kusurwa huɗu daidai ba: wani gabansa faɗi bayansa tsukakke, wani ya lanƙwasa ya zagaye ɗakin maƙwabci. Irin wannan siffa tana ɓarnatar da wuri. Don haka a auna kowane gefe, a zana a takarda, a gwada jera ɗakunan da ake buƙata a kai. In ba su zauna a takarda ba, ba za su zauna a ƙasa ba.

A nan ne mutane ke cewa, “Ba komai, in Allah ya hore sai in hau sama.” Bene mafita ce ta gaskiya, amma da sharuɗɗanta. Bangon ƙasa ko bulo mai inci shida da aka ɗora a kan harsashi marar zurfi ba a yi shi don ɗaukar wani hawa ba. Mafi yawan lokaci sai an sauke ginin an sake tushe da ginshiƙai, ƙarƙashin kulawar injiniya, da izinin hukumar tsara birane. Mutanen Kano ba su manta da benen da ake ginawa a titin Beirut wanda ya rufta da mutane a watan Agustan 2022 ba. Nauyin gini ba abin wasa ba ne. Matattakala ma tana cin wurin da ya kusa rabin ɗaki a ƙasa da sama. Ga haƙƙin maƙwabta: malaman Malikiyya sun hana mutum buɗe tagar da za ta riƙa leƙa cikin gidan maƙwabcinsa, kuma a unguwar da gidaje ke manne da juna, da wuya ka yi bene ba ka hango tsakar gidan wani ba. Wanda zai dogara da bene, ya kawo injiniya tun kafin ciniki, ya sa kuɗin a lissafi.

Wurin da gida ke buƙata bai ƙare a bakin ƙofa ba. Lungun da tifa ba ta shiga, yashi da tsakuwa da bulo sai an sauke su a bakin titi an riƙa turo su a baro, ɓaraguzan da aka rushe ma haka za a fitar da su, kowane sawu da kuɗinsa. Bayan an gama gyara, ta wannan lungu za a fito da mai naƙuda da tsakar dare, ta nan motar kashe gobara za ta nemi shiga, ta nan za a fito da makara. Hadisi ya nuna cewa idan aka yi saɓani kan faɗin hanya a bar mata kamu bakwai, amma lunguna nawa ne dakali da matattakala da kwata suka bar musu haka? Mai babur ko Adaidaita Sahu ya tambayi kansa inda abin sana'arsa zai kwana.

Sai kuma a tabbatar wurin da aka auna na mai sayarwa ne duka. Tsofaffin gidaje da yawa na gado ne. Wani lokacin magaji ɗaya ne ke sayar da kasonsa, sai bayan ciniki a gane zauren da banɗakin na tarayya ne, ko kuma wani daga cikin magada ya taso da haƙƙin shuf'a, wanda shari'a ta ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba. Wani bangon na maƙwabci ne, ranar da ka sauke naka sai ka ja baya ka gina sabo a cikin filinka. Wani ɗakin kuma an ci hanya ko magudanar ruwa ko gefen badala aka yi shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya nuna cewa gini a kan filin da gwamnati ke ganin na jama'a ne yana iya tafiya ko an kashe masa nawa. A zauna da mai unguwa da dukkan magada da maƙwabta na kowane gefe, a nuna iyaka a gabansu, a rubuta tsawo da faɗi a takardar ciniki, a bincika matsayin filin a ma'aikatar ƙasa.

Duk wannan ba kira ba ne a sayi gidan da ya fi ƙarfin mutum. Wancan ma ɓata lissafi ne. Ƙaton tsohon gida da aka samu da araha, kowane ɗaki a cikinsa yana jiran kwanonsa da ƙofarsa da filastarsa da wayar wutarsa, kuma wanda aka bari ba rufi damina biyu ta isa ta kwantar da shi. Araha ba ta ado. Abin nema shi ne ƙasa mai yalwa da gini daidai ƙarfi: ɓangaren da za a gyara a shiga yanzu, da sararin da za a ƙara gini a kai nan gaba. Wannan sarari yana da wani amfanin tun ranar farko, domin gyara shi ma yana son wuri. Ina za a zube yashi, ina za a kwaɓa siminti, ina iyali za su kwana ranar da aka yaye rufin ɗakinsu? Gidan da ba shi da inda za a matsa, sai an fita haya kafin a gyara shi, kuma kuɗin hayar daga kuɗin gyaran zai fita.

Na san wani zai ce wannan shawarar masu zaɓi ce, talaka abin da kuɗinsa ya kai yake saye. Gaskiya ne ba kowa zai samu yadda yake so ba. Amma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi buƙatar awo, domin attajiri in gida bai yi masa ba sai ya sayar ya sayi wani, shi kuwa wanda ya haɗa gumin shekara ashirin da kuɗin gonar gado ya saya, a nan zai tsufa, a nan 'ya'yansa za su yi gado. Ko a cikin kuɗi kaɗan akwai zaɓi: tsakanin mai ɗaki da yawa da mai tsakar gida, tsakanin cikin lungu a tsakiyar gari da bakin hanya a ɗan nesa, tsakanin mai fenti da mai faɗi. Wanda ya san buƙatarsa zai san abin da zai iya haƙura da shi da wanda ba zai iya ba, ya shiga gidan da saninsa.

Ina kira ga dillalai da shugabanninsu su mayar da faɗin tsawo da faɗin gida al'ada a duk tallar da za su yi, kamar yadda suke yi wa fuloti. Masu unguwanni kada su sa hannu a takardar da ba a rubuta awo da iyaka ba. Magina su ji tsoron Allah su gaya wa mai saye gaskiya idan wuri ba zai ɗauki abin da yake so ba, ko da hakan zai hana su aikin. Shi kuma magidanci ya riƙe tsarin: ya rubuta mutanensa, ya rubuta ayyukan gidansa, ya tafi da matarsa da tef ɗinsa, sannan ya tambayi farashi. An ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa yalwataccen gida yana daga cikin jin daɗin ɗan'adam a duniya. Neman wannan yalwa gwargwadon hali haƙƙi ne da iyali ke da shi a kan maigida, kuma lokacin sauke shi shi ne kafin kuɗi su bar hannu.